Yadda na nemi masana da sahihan bayanai lokacin annobar korona a Kano

Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan uwana 'yan jarida, musamman matasan da ke aiki a gidajen rediyo da jaridun Hausa, waɗanda wata rana edita zai kira ya ce annoba ta ɓarke, a haɗo rahoto kafin labaran yamma. A shekarar 2020 ina aiki a wani ɗakin labarai a Kano, kuma ban taɓa karanta fannin lafiya ba. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko da ke ɗauke da cutar korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Afrilu aka sanar da ɓullarta a Kano, kuma daren 16 ga Afrilu dokar kulle ta fara aiki a jihar. Daga nan aikin neman wanda ya san gaskiyar abin da ke faruwa ya hau kaina, kuma ga yadda na bi shi mataki-mataki.

Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa ita ce ta hukuma, domin ita ce mafi sauƙi, ba ta cin komai sai kuɗin data. Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, wadda Dakta Chikwe Ihekweazu ke shugabanta a lokacin, takan fitar da alƙaluman kowace jiha a shafinta na Twitter da daddare, sau da yawa sai dare ya yi nisa, don haka na saba da zama da waya a hannu ina jira, don in samu abin da zan saka a labaran safe. Kwamitin shugaban ƙasa mai yaƙi da cutar, ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha, da Dakta Sani Aliyu a matsayin babban jami'in tsare-tsare, yakan yi taron manema labarai a Abuja, ana nunawa kai-tsaye a talabijin. Waɗannan wurare biyu sun ba ni abin da za a iya dogara da shi a faɗa da sunan hukuma. Sai dai adadin da ake fitarwa kowane dare na mutanen da aka gwada aka samu suna ɗauke da cutar ne kawai, bai haɗa da wanda ya kwanta a gida ya warke ko ya rasu ba tare da an ɗauki samfurinsa ba. Wannan ya fito fili a ƙarshen Afrilu, lokacin da ɗakin gwajin da ake da shi a Kano ya dakatar da aiki na 'yan kwanaki: adadin jihar ya tsaya cik, alhali kuwa cikin gari kowa na zuwa gaisuwar mutuwa. Daga lokacin na daina karanta adadin masu cutar shi kaɗai. Nakan buɗe cikakken rahoton yanayi da NCDC ke sakawa a shafinta na intanet, in nemi yawan samfuran da aka gwada, in faɗa wa mai sauraro duka biyun a jimla guda.

Kafin in iya fita neman kowa, sai da na tanadi takardu. An keɓe ma'aikatan kafafen yaɗa labarai daga dokar kulle, amma a shingen bincike baki ba ya isa. Na riƙe katin shaidar aiki da wasiƙar da shugaban gidanmu ya sa wa hannu da hatimi, na yi mata kwafi da dama na ajiye a jaka. Babu adaidaita sahu a titi, saboda haka wanda ba shi da abin hawa sai ya jira motar ofis ko ya taka da ƙafa cikin zafin bazara. Takunkumin fuska da man tsaftace hannu duk sun yi tsada, kuma daga aljihuna suka riƙa fita, tare da kuɗin kati da na data, waɗanda su ne suka fi cin albashina a wannan wata. Ina ba duk wanda zai shiga irin wannan aiki shawara ya zauna da editansa tun ranar farko su daidaita a kan wanda zai ɗauki nauyin waɗannan, da kuma abin da za a yi idan ɗan jaridar ya kamu.

Wajen 20 ga Afrilu ne maganar yawan mace-mace ta cika gari, bayan jaridar Daily Trust ta ruwaito cewa an binne mutane kimanin 150 cikin kwana uku a wasu maƙabartun birnin. Manyan mutane da dattawan unguwanni suka riƙa rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin jiha ta fitar da sanarwa cewa binciken farko ya nuna hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ne sanadi, yayin da jama'a suka rabu, wasu na cewa korona ce ake ɓoyewa, wasu na cewa babu korona sam. Na je wani ofishin gwamnati ina neman wanda zai bayyana mini yadda aka kai ga wannan matsaya. Aka ce in zauna a benci in jira jami'in hulɗa da jama'a, na zauna har bayan azahar, da ya fito ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kwafin sanarwar da na riga na gani, ya ce tambayoyin fasaha sai mai gidansa, shi kuwa yana taro. Na bar tambayoyina a rubuce tare da lambar wayata. Na fita raina a jagule, amma daga baya na fahimci cewa a irin wannan lokaci mutum ɗaya ko biyu ne aka ba izinin magana, kuma 'yan jarida da yawa ne ke binsu. Abin da ya fi amfani shi ne a rubuta tambaya gajeriya wadda amsarta adadi ce ko kwanan wata, a aika ta saƙon waya, a kuma faɗi lokacin da rahoton zai fita.

Daga nan na nufi maƙabarta, domin masu haƙar kabari ne suka fara lura da abin kafin kowa. Na tarar da wani dattijo zaune a inuwar darbejiya, ƙafafunsa duk jar ƙasa, diga da shebur jingine a gefensa, tafin hannunsa ya yi kanta. Na gaishe shi na tsuguna nesa kaɗan, na ce, “Baba, sannu da aiki. Yaya kuke ganin kwanakin nan?” Ya ce, “Ɗana, tun da nake wannan aiki ban ga irin haka ba. Kafin mu rufe wannan an kawo wancan, har sai da muka nemo matasan unguwa su taya mu.” Na tambaye shi ko ya san abin da ke kashe mutanen, sai ya girgiza kai ya ce shi gawa ake kawo masa a likkafani, ba ya tambaya, amma yawancinsu dattawa ne. Wannan amsa ta koya mini iyakar kowace majiya. Baban ya san yawan kaburburan da ya haƙa, ya san yadda bazarar bana ta bambanta da ta bara, kuma a kan wannan babu farfesan da ya fi shi sani. Sanadin mutuwa kuwa ba huruminsa ba ne, kuma zalunci ne a tura masa abin ɗaukar magana a sa shi ya yanke hukunci a kai. Na tambayi masu kula da wurin ko akwai littafin da ake rubuta waɗanda aka binne, domin a ƙasarmu mutuwa kaɗan ce ake yi wa rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ana sallar gawa a binne ta cikin 'yan sa'o'i kamar yadda addini ya tanada. Inda babu rubutu sai na dogara da tunanin mutane, na kuma faɗa wa mai sauraro cewa ƙiyasin masu haƙa ne.

Asibiti ne ya fi ba ni wahala. A wani babban asibitin gwamnati aka ce ma'aikaci ba ya magana da ɗan jarida sai da izinin shugaban asibiti, don haka na koma ofis aka buga wasiƙa a takarda mai ɗauke da tambarin gidanmu, na kai ta wurin masu karɓar wasiƙu, aka buga hatimin karɓa a kwafina. Kada kowa ya bar wurin ba tare da wannan kwafi mai hatimi da kwanan wata ba, domin shi ne hujjarka idan aka ce ba a ga wasiƙar ba. Ba a karɓi ko kwabo a hannuna ba, amma amsar ta ɗauki lokacin da labarin annoba ba ya iya jira. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, kuma tana da amfani ga bincike mai dogon zango, sai dai ba ta ciyar da labaran gobe da safe. Ana cikin haka wani likita da ke aiki a sashen gaggawa ya yarda ya yi magana da ni ta waya bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa. Ya ba ni labarin dattawan da ake kawowa numfashinsu na sarƙewa, da yadda wasu asibitoci masu zaman kansu suka rufe ko suka riƙa mayar da marasa lafiya saboda tsoro da rashin kayan kariya, abin da ke nufin mai hawan jini ko ciwon sukari zai iya rasuwa ko da korona ba ta taɓa shi ba. Na sanar da editana sunansa da muƙaminsa, kuma ban yi amfani da wata magana tasa ba sai da na ji irinta daga wani ma'aikacin lafiya da bai san shi ba.

A nan ne na gane cewa ba kowane mai suna Dakta ne masanin annoba ba. Likitan da ke duba marasa lafiya ya san abin da ke gadon asibitinsa. Masanin yaɗuwar cututtuka, wanda galibi ake samu a sashen kiwon lafiyar al'umma na jami'a, shi ne ya san yadda ake auna cuta a gari guda. Masanin ƙwayoyin cuta da ma'aikacin ɗakin gwaji su ne za su bayyana yadda gwajin PCR, wato gwajin gano ƙwayar cutar a cikin samfur, yake, da dalilin da ke sa sakamako ya yi jinkiri ko samfur ya lalace a hanya, maganar magani kuwa ta masanin haɗa magunguna ce da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Na buɗe shafukan Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na tattara sunayen malaman waɗannan sassa, sannan na saka kowane suna a Google Scholar da PubMed, shafukan neman takardun bincike, don in ga ko mutumin ya taɓa wallafa bincike a kan annoba irin su sanƙarau, kwalara, ƙyanda ko zazzaɓin Lassa. Reshen jiha na Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya ya taimaka mini da lambobin waya, kuma idan wani ya zo mini da kansa yana cewa shi likita ne, nakan tambayi inda yake aiki, in bincika ko yana da rajista da majalisar da ke kula da likitoci ta ƙasa. Duk wanda na gama hira da shi nakan rufe da tambaya ɗaya: wa kuma ya kamata in nema, ko da wanda ra'ayinsa ya saɓa da naka ne? Ta wannan hanya na samu mata masana da ba a cika gayyata gidajen rediyo ba, da kuma jami'an sa ido kan cututtuka na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne ke fara samun rahoto daga ƙananan asibitoci.

Hirar da ta fi buɗe mini ido na yi ta ne da wani farfesa a cikin azumi, wanda ya kama ranar 24 ga Afrilu a shekarar. Da rana ba ya ɗaukar waya, don haka na aika masa saƙo na gabatar da kaina, na rubuta tambayoyi uku, na roƙi minti goma bayan sallar isha'i. Da ya kira na ce, “Ranka ya daɗe, jama'a na so su sani, korona ce ke kashe mutanen nan ko ba ita ba ce?” Ya ce, “Malam, duk wanda ya ba ka amsar e ko a'a a daren nan, ka tambaye shi ta yaya ya sani, gawa nawa aka gwada.” Sannan ya yi mini bayani a hankali cewa idan ba a gwada mamaci ba, hanyar da ta rage ita ce a bi gida-gida a tambayi iyalai alamomin da ya nuna kafin rasuwarsa, zazzaɓi ko tari ko sarƙewar numfashi, da cututtukan da yake fama da su tun da, a kuma kwatanta yawan mace-macen bana da na irin wannan lokaci a shekarun baya. Ya ƙara da cewa wannan hanya ƙiyasi take bayarwa, kuma hawan jini da korona ba kishiyoyi ba ne, domin cutar ta fi kayar da masu irin waɗannan larurori. Wannan tambaya tasa, ta yaya ka sani, ita na riƙa yi wa kowa daga ranar, jami'i ne ko likita ko mai maganin gargajiya. Kafin in saka muryarsa na sake kiransa na karanta masa yadda na taƙaita bayanin, ya gyara mini wuri guda. Ba a ba majiya ikon sauya labari, amma a fannin kimiyya karanta wa masani abin da ka fahimta kariya ce ga mai sauraro.

Rabin aikina a waɗannan makonni ya tafi ne wajen bin ji-ta-ji-ta. Tun a watan Maris, bayan shugaban Amurka Donald Trump ya yabi maganin chloroquine, mutane suka yi rububin sayensa, har jami'an lafiya a Legas suka sanar da cewa an kwantar da waɗanda suka sha fiye da ƙima. Saƙonnin murya a WhatsApp suka riƙa yawo cewa fasahar 5G ce ke haddasa cutar, alhali hukumar sadarwa ta NCC ta bayyana cewa a lokacin ba ta ba kowa lasisin 5G a Najeriya ba. A watan Afrilu shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya ƙaddamar da wani jiƙo mai ɗauke da tazargade, aka kawo samfurinsa Najeriya a watan Mayu, daga baya cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ce ba ta samu hujjar cewa yana warkar da korona ba. Kafin in taɓa kowace irin wannan magana nakan duba ko shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check sun riga sun tantance ta, sannan in nemi masani ya yi bayani da bakinsa. Na ƙi yarda a yi wa masu shakka izgili a shirinmu. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 daga cikinsu suka rasu aka shafe shekaru ana shari'a, kuma wannan tarihi na daga cikin abin da ya ciyar da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Wanda ke da irin wannan tarihi a bayansa bayani yake buƙata, daga bakin wanda ya yarda da shi kuma da harshen da yake ji. Shi ya sa na fi ba da ƙarfi wajen neman masanan da za su iya magana da Hausa, na kuma haɗa su da malaman addini a shiri ɗaya.

Takardun bincike ma sai da na koyi karanta su da taka-tsantsan. Da yawa daga cikin abin da jaridun waje ke kira sabon bincike an saka shi ne a shafuka irin su medRxiv kafin sauran masana su tantance shi. Ko wanda aka tantance ɗin ma ba a rufe ido a kansa: ranar 22 ga Mayu mujallar The Lancet ta wallafa wani babban bincike a kan maganin hydroxychloroquine, ɗan uwan chloroquine, ranar 4 ga Yuni aka janye shi saboda an kasa tabbatar da alƙaluman kamfanin da ya samar da su. Cikin watan Yunin ne kuma gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda aka yi a kan dubban marasa lafiya, ya nuna cewa maganin ba ya rage mutuwa, sannan ya nuna cewa wani maganin mai suna dexamethasone na rage ta da kusan kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar taimaka wa numfashi. Nakan tura wa masani takardar in tambaye shi mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta su, wa ya biya kuɗin aikin. Labarin dexamethasone kuwa ban saka shi ba sai tare da gargaɗin likita cewa na masu jinya mai tsanani ne a asibiti, domin na san washegari za a cika kemis ana nemansa.

Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da ƙarin kulle Kano na mako biyu, aka kuma turo tawagar ƙwararru ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo. Ranar 8 ga Yuni Ministan Lafiya Dakta Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar yi wa iyalai tambayoyi: an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce ta haddasa su ko ta tsananta wata cutar da ke jikinsu, kashi 56 cikin ɗari sun rasu ne a gida, kuma yawancinsu sun haura shekara 65. Na karanta wannan a iska tare da kalmar “mai yiwuwa” kamar yadda ministan ya faɗa, na kuma maimaita yadda aka yi binciken, domin waɗannan mutane iyaye ne da kakannin masu saurarona, kuma sun cancanci a faɗa musu abin da aka sani daidai gwargwadonsa.

Abin da zan bar wa mai zuwa bayana kaɗan ne. A fara rubuta tambaya kafin a nemi mutum, domin tambayar ce ke nuna ko wajen mai haƙar kabari za a je, ko wajen ma'aikacin ɗakin gwaji, ko wajen farfesa. Kowane adadi a faɗi wanda ya fitar da shi, ranar da ya fito, da abin da ya ƙirga, kuma a ɗauki hoton shafin a ajiye, domin hukumomi kan gyara alƙaluma daga baya. Shawarar masana takan sauya idan sabuwar hujja ta zo, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa shawararta kan saka takunkumi a farkon Yunin 2020, kuma aikin ɗan jarida ne ya bayyana dalilin sauyin don kada jama'a su ɗauka yaudararsu ake yi. Mafi muhimmanci a wurina shi ne a tara sunayen masana tun ana zaman lafiya, domin a tsakiyar annoba ba sa ɗaukar lambar da ba su sani ba. Ina da littafi da na rubuta sunan kowane masani, fanninsa, harshen da yake iya hira da shi, da lokacin da ya fi samun sarari, kuma nakan kira su lokaci-lokaci a kan ƙananan labarai. Lokacin da cutar mashaƙo ta tsananta a Kano a 2023, da wannan littafi na fara aiki, kuma tambayata ta farko ga jami'an lafiya ita ce yara nawa aka gwada, nawa ne daga cikinsu ba a taɓa yi wa rigakafi ba.